Daren da Kaset Ya Ƙi Magana

A wata kafar labarai da na taɓa yi wa aiki, kowace safiya saƙon imel kan shigo wa jami'in kwamfutarmu cewa an kwafi rumbun bayananmu zuwa kaset lafiya lau. Ranar da babbar kwamfutar da ke riƙe da tsofaffin ayyukanmu ta mutu, muka gano cewa saƙon nan shaidar rubutawa kawai yake bayarwa. Babu wanda ya taɓa gwada karanto abin da aka rubuta. A cikin rumbun akwai hirarrakin da na yi da wasu dattawa da suka riga mu gidan gaskiya. Dalilin da ya sa ke nan na kwana a ofis, ni da ban karanci injiniyanci ba.

Kada jin sunan kaset ya ba mai karatu mamaki. Nau'in LTO, wanda ya shigo kasuwa a 2000, har yau manyan ma'aikatu na dogaro da shi, kuma LTO-9 guda ɗaya na ɗaukar terabait 18. Da kaset Google ya maido da saƙonnin wasu masu amfani da Gmail da suka ɓace a Fabrairun 2011.

Cikas na farko shi ne fihirisa. Manhajar ajiya tana riƙe da jerin abin da ke kan kowane kaset, amma namu jerin yana cikin kwamfutar da ta mutu. Dole aka bi kasusuwan ɗaya bayan ɗaya, daga farko har ƙarshe, kafin a sake gina shi.

Na biyu ya fi cin rai. Na'urar karanta kaset tana wani gini, sabuwar kwamfutar tana wani, tsohuwar wayar sadarwa ce ta haɗa su. Ita wannan na'ura ba ta son jira: idan hanya ta gaza kwashe abin da take zubowa, sai ta tsaya, ta ja zaren baya, ta sake tasowa, tana ɓata lokaci tana kuma cinye kaset ɗin. Bayan kamar awa guda aikin yakan yanke, a sake, ya kuma yankewa. Sai wajen asuba jami'in ya gane dalili. Manhajar tana buɗe layi biyu, ɗaya na umarni, ɗaya na bayanai. Yayin da bayanai ke gudu, layin umarni shiru yake, sai katangar tsaro ta ɗauka an yi watsi da shi, ta rufe. A ƙarshe, a hannu aka ɗauko na'urar aka ajiye ta kusa da kwamfutar.

Fayilolin sun sauko, amma rumbun ya ƙi buɗewa. An riƙa kwafarsa ne yana tsakiyar aiki, ba tare da littafin da yake rubuta canje-canjensa a ciki ba, don haka farkon kwafin da ƙarshensa ba su yi daidai da juna ba.

Na daina ganin laifin jami'inmu shi kaɗai bayan na karanta labarin GitLab. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu ya goge babban rumbunsu bisa kuskure, sannan aka tarar manhajar kwafi ta PostgreSQL 9.2 ce, alhali rumbun 9.6 ne. Ta daɗe tana gazawa, saƙonnin gargaɗinta kuma ba sa isa ga kowa. Sun yi asarar bayanan kimanin awa shida.

Mu kuwa wani kaset ne na makonni biyu baya ya cece mu, wanda aka kwafa a ranar da aka tsayar da rumbun don gyara. Hirarrakin dattawan sun dawo, ban da biyu na ƙarshe. Ɗaya daga ciki, da wani tsohon marini na yi ta, kuma abin da ya rage mini shi ne shafi uku na rubutun hannuna.