Ƙwan Zabo a Ƙarƙashin Kaza

A karkarar Maraɗi, idan damina ta sauka zabi suka fara zuba ƙwai, ba kasafai ake barin zabuwa ta yi kwanci ba. Ta cika yawo, abu kaɗan ya firgita ta sai ta watsar da sheƙa. Kwashe ƙwan ake yi a sa wa kaza. Nata kwana 21 yake yi, na zabo kuwa sai 26 zuwa 28, amma haka za ta daure ta cike ƙarin makon.

Aron uwa yana yiwuwa ne domin ƙwai da guzurinsa yake zuwa duniya. Da yawanmu mun ɗauka kwanduwa ce ke zama ɗan tsako, alhali abincinsa ce. Shi kansa ɗan farin ɗigo ne a samanta. Da ya ji ɗumi, kafin kwana uku zuciya ta soma bugawa. Haska ƙwan da tocila bayan mako guda, za ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saiwa. Iska yake sha ta ƙananan hujojin ɓawo, dab da ƙyanƙyasa kuma ya janye sauran kwanduwar cikin cikinsa, shi ya sa ranar farko bai damu da tsaba ba. Ɗumi da juyi kaɗai yake nema a waje, kuma bai tambayi na wa ba.

Jar akuyarmu ba ta da mai karɓa mata. Wata biyar ɗanta na ci daga jininta ta cibiya, shekarar da kiwo ya yi wuya har ɓari takan yi. Raƙuma ma wajen wata 13 take ɗauka.

Ni ɗan riƙo ne, shi ya sa zancen bai taɓa zame mini na dabbobi kawai ba. Wata tara na yi a cikin mahaifiyata, ana yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni, ta riƙe shekara 20. Na sha jin mata na gargaɗinta cewa ɗan zabo in ya yi fiffike garken zabi yake bi. Ga zabi gaskiya ne, na gani da idona. Ni dai albashina na farko gida biyu na raba shi, kuma har yau Gwaggo ba ta daina tambayata ko daidai na raba ba.