Kafin a shimfiɗa dogo, a gyara teburin da zai ɗauke shi

Yawancin yaran Filinge ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, sai a littafin lakwal ko a wayar salula. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san hannunsu: da kara, da waya, da gwangwanin madara suke ƙera mota har da sitiyari. Wannan ne ya sa mu, 'yan tsirarun malamai da masu aikin katako, muka zauna kan shawarar haɗa musu ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da batir. Da muka shiga lissafi, sai muka ga babban aikin yana kan teburin da za a shimfiɗa dogon.

A Turai da Amurka wannan wasa ne na manya. A Hambag ta Jamus akwai gidan Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, mutane na biyan kuɗi su kalli ƙananan jirage. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage jirgi sau 87, tazarar ƙarafan dogo milimita 16.5. Akwai kuma N, mai ragi sau 160, tazara milimita 9. Tsarin da aka saba nuna wa sabon shiga shi ne falle guda na filawud, santimita 122 da 244, a kafa masa ƙafa huɗu, shi ke nan.

To, wannan tsari an yi shi ne don gidajen da ke da ɗaki na musamman. Mu fa? Ɗakin laka ne, ga gado, ga buhun hatsi, ƙofa kuma 'yar ƙarama. Tebur mai wannan girma in ya shiga ba ya fita. In aka jingina shi da bango, hannun babba ma da ƙyar yake wuce santimita 70, balle na yaro. Jirgi ya faɗi can ciki, sai yaro ya hau teburi, ya taka dogo.

Ga kuma yanayinmu. A damina katako ya sha raɓa ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya lanƙwashe. A watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ƙarfen dogo ya miƙe. Ƙura tana kwanciya kan ƙarfe ta hana wuta isa ga injin. Gara kuwa ba ta neman izini.

Shi ya sa muka sake zane. A yanka fallen nan gida huɗu, kowane yanki santimita 122 da 61. Kowanne a yi masa firam mara nauyi da murfi, kamar akwati, yadda yaro biyu za su ɗauka. Ƙafafu na ƙarfe daga wurin mai walda, masu cirewa, tsayinsu daidai ƙugun yaro. A shafe katako da fenti ciki da waje. A bar 'yar tazara a mahaɗar ƙarafan dogo saboda zafi. A wannan faɗi, ma'aunin N ne ke iya juyawa ba takura. Wuta kuwa bolt 12 ta isa, batirin sola na gida ya wadatar.

Akwai wata dabara da Linn Westcott, editan mujallar Model Railroader a Amurka, ya yaɗa: a bar teburi a buɗe, sai ginshiƙai, a ɗora dogo kan 'yan sanduna. Ta haka ƙasa na iya sauka ƙasa da dogo. Wannan ta yi mana daidai, don muna son yara su ga ƙasarsu: kwarin Dallol Bosso da goriba da gawo, jajayen duwatsun gefensa, shanun Tukunus, gadar jirgi ta ratsa sama.

Abu mafi muhimmanci shi ne bakin mahaɗa. Ƙungiyar FREMO da aka kafa a Turai a 1981 ta tsaya kan wannan: kowa ya yi yankinsa a gida, amma faɗin baki da tsayi da wurin fitar dogo iri ɗaya ne. Ranar haɗuwa sai a jona su, jirgi ya wuce. In muka yarda da awo guda, lakwal ɗin Filinge ta yi tasha, ta Bonkuku ta yi kasuwa, wata ta yi gada.

Mu 'yan Nijar mun san ciwon dogon da bai haɗu da kome ba. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikin buɗewa a Janairun 2016, amma bai kai Parakou ya haɗu da na Benin ba. Tazararsa mita ɗaya ce. Na Kano zuwa Maraɗi kuwa, da aka aza tubalinsa a Fabrairun 2021, milimita 1435 ne. Jirgin wannan ba zai hau wancan ba.

Yaron da ya auna bakin akwatinsa da mita, ya ga jirgi ya tsaya cak saboda kuskuren milimita biyu, ya koyi darasin da zai amfane shi in ya girma aka ba shi aikin ƙasa. Don haka, iyaye da malamai da kafintocin Kurfai, a fara da akwati ɗaya. Ko jirgin bai iso ba tukuna, na kara ma yana bin dogo in an shimfiɗa shi daidai. Allah ya raya mana yaran nan, ya sa albarka a hannunsu.