Tiya ba ɗaya ba ce

A Baudeta babu mai zuwa awo ya ce a ba shi kilo biyu da rabi na hatsi. Tiya ake cewa. Manomi da dami yake lissafin abin da ya shiga rumbu, uwargida da tiya take sanin kwana nawa tukunya za ta hau murhu, ɗan kasuwa kuma buhu yake gani: tiya arba'in, kilo 100 a bakin ma'aikata. Man gyaɗa da kwalba, nono da ludayi, ruwa da jarka.

Sai dai tiyar ba ɗaya ba ce. Ku tsaya kusa da ma'auni da kaka, lokacin da manomi ya kawo hatsi don biyan bashi. Kwanon mai zurfi ne, a cika shi ya yi tsororo, a kuma tallabe bakinsa da hannu don kada ƙwaya ta zube. Ku dawo wurin idan damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa. Kwanon da za a auna wa wannan manomin an ɗan bubbuge gindinsa ya shige ciki, hannun ma an janye. Sunan bai sake ba, kuɗin ya hau, hatsin ya ragu. Ba duk ma'auna ke yi ba, amma daga Tasawa har Mayahi wa zai ce bai taɓa gani ba? Malamai sun gaji da karanta mana Suratul Muɗaffifina kan tauye mudu.

 

Masu cewa a koma sikeli ban bi su ba. Tsohuwar da ba ta karatu tana ganin cikar kwano da idonta, allurar sikeli kuwa sai abin da mai shi ya faɗa mata. Ni dai a bar mana tiyarmu, amma magajin gari da sarkin kasuwa su fitar da guda ɗaya mai hatimi, a rataye ta inda ake awo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya juye hatsinsa a ciki, a gaban kowa.