Lekki: Inda Haushin Karnuka Ke Hana Maƙwabta Barci

Idan wata rana hanya ta kai ka Legas, mai karatu, ka daure ka tsallaka gadar da ta haɗa Ikoyi da Lekki, wadda aka buɗe a 2013, ka sauka a titin Admiralty. Daga nan ka saki babban titi ka kutsa cikin layukan Lekki Phase 1. Za ka ga dogayen katangu masu waya a sama, da manyan ƙofofin ƙarfe, da ɗan ɗakin maigadi a bakin ƙofa. Don zaman iyali aka tsara unguwar, amma yau gidaje da dama sun koma ofisoshi da shaguna da gidajen abinci. Cikin sana'o'in da suka shigo akwai wadda za ta ba baƙo mamaki, wato gidan renon karnuka.

Sana'ar tana da dalilinta. Ma'aikacin da ke sammako don guje wa cunkoson motoci, ba zai dawo ba sai dare, yana neman inda zai bar karensa. Sai ya biya kuɗi a ciyar da shi, a yi masa wanka, a fita da shi yawo. Lokacin hutun Disamba kuwa, masu tafiya kan bar karnukansu su kwana a can. A gida ɗaya za ka iya tarar da ƙatti irin su Boerboel da Rottweiler, ga kuma ƙanana masu gashi irin Lhasa Apso.

Kafin idonka ya ga gidan, kunnenka zai sanar da kai. Karen da aka raba da ubangidansa, aka haɗa shi da baƙin karnuka cikin zafi, ba ya samun natsuwa. Da ɗaya ya fara haushi, sauran sun ɗauka. Daɓen siminti da tayil da rufin kwano kuma ba sa shanye ƙara, mayar da ita suke yi. Abin ya fi tsanani da safe lokacin kawo su, da lokacin ba su abinci, da kuma yamma idan masu su suka zo ɗauka.

Da ma'aunin desibel ake auna ƙara. Hirar mutum biyu ba ta wuce desibel 60, haushin babban kare kuwa yana iya kai 100 idan kana dab da shi. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙarar na raguwa da desibel 6 ne kawai. Ke nan haushin da ya kai 100 a tazarar mita ɗaya zai iso tagar da ke mita 10 da ƙarfin kusan 80 idan babu abin da ya tare shi. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ta ƙayyade desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar wa ƙasashen Turai a 2009, cewa ta yi kada matsakaiciyar ƙarar dare a wajen ɗakin kwana ta wuce 40.

Za ka iya cewa ai mutumin Legas ya saba da rurin janareta. Gaskiya ne, amma janareta ƙararsa ɗaya ce, ba ta hawa ba ta sauka. Haushi kuwa kwatsam yake zuwa, ya tsaya, ya sake dawowa, kuma irin wannan ƙarar ce ta fi katse barci. Ko mutum bai farka sosai ba, bugun zuciyarsa na ƙaruwa. Idan abin ya daɗe, yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya da yawan fushi. Baligi na buƙatar barcin aƙalla awa 7, jariri ɗan wata 4 zuwa 12 kuwa awa 12 zuwa 16 a yini, har da na rana. Mai jego da tsoho mai jinya da ɗalibi mai shirin jarrabawa su ne kan gaba wajen shan wahala.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba. Yawancinmu mun san ɗan uwa ko ɗan garinmu da ke gadi a Lekki ko Ajah. Maigida yana bene, tagoginsa a rufe, na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Maigadi kuwa ɗakinsa na jikin katanga, wani lokacin taku kaɗan ne tsakaninsa da kejin karnukan maƙwabta. Ya kwana ido biyu, da rana ma barcin ya gagara, ga tsoron yin magana kada ya rasa aikinsa.

To, mene ne abin yi? Idan haya kake nema, kada ka biya kuɗi sai ka ziyarci layin sau uku: da sassafe, da yamma, da kuma bayan isha'i. Gani ya kori ji, amma a nan jin ne zai cece ka. Idan kuwa kana zaune aka buɗe gidan renon a gefenka, ka samu littafi ka riƙa rubuta lokacin da haushin ya fara da lokacin da ya tsaya har tsawon mako biyu. Akwai manhajojin waya da ke ƙiyasta desibel, ka haɗa da su.

Da wannan shaidar za ka je wurin mai sana'ar cikin mutunci, domin shi ma abincinsa yake nema. Gyaran da za ka roƙa ba mai wuya ba ne: a shigar da karnuka cikin gini da dare, a janye keji daga jikin katangar maƙwabta, a rage yawansu, a sa silin, a kuma toshe inda suke hango masu wucewa. Ka tambaya ko kowane kare na da shaidar allurar rigakafin ciwon haukan kare, tunda yaranka na bin ƙofar. Idan maigadinka ne abin ya dama, kai ya kamata ka yi magana a madadinsa.

In magana ta ƙi ci, sai ka kai ƙorafi ga ƙungiyar mazauna unguwa, daga nan sai LASEPA. Hukumar ba wasa take yi ba, domin a 2016 ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. A wajen Legas kuma akwai dokar ƙayyade ƙara ta tarayya ta 2009, wadda hukumar NESREA ke kula da ita.

Sana'ar da ta samu gindin zama a Lekki ba ta daɗewa ba ta ɓulla a wasu biranen ba. Tun kafin ta iso layinku, ku zauna da maƙwabta ku san haƙƙinku, domin rigakafi ya fi magani.