Jikan Tela Ɗan Sawaba

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, kunya kuma ta hana mu faɗin alherin na gida a bainar jama'a. Duk da haka al'adarmu ta bar ƙofofin tinƙaho da dangi a buɗe. Mai asalin sarauta maroƙa na jero masa kakanni, ɗan malamai ana kiransa da sunan zaurensu, jikan attajiri kuwa a tuna masa fataken Gwanja. Wanda kakansa ya sha ɗauri saboda talakawa shi ne maroƙa suka tsallake, ni kuwa a wannan sahu nake.

Kakana na wajen uwa tela ne. Ya yanki katin NEPU 'yan shekaru bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Bai taɓa hawa dandamalin lacca ba, sunansa kuma ba ya cikin littattafan da ke ambaton Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba. Aikinsa rakiya ne. In aka ɗora wa manomi harajin da ya fi ƙarfinsa, ko aka ƙirga wa Bafillatani shanun da ba shi da su don jangali, sai ya rufe keken ɗinki, ya rubuta wa mutumin ƙara da ajami, ya bi shi har gaban hukuma. Sau biyu aka ɗaure shi. A na biyun laifinsa shi ne ya yi gaisuwa a tsaye.

Masu nazari sun san siffofin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974, waɗanda suka haɗa da adalci da ladabi da haƙuri. A takarda suna zaune lafiya da juna, amma a rayuwar kakana karo suka yi. Da ya zaɓi adalci, wasu dangi suka ce ya rasa ladabi, ya jawo wa gida abin faɗa. Haƙurin kuwa kakata ce ta ɗauke shi: ta sayar da tasoshin aurenta, ta kama suyar ƙuli-ƙuli, ta ciyar da 'ya'ya shida har ya fito. In ana rabon yabo a gidanmu, ni da ita nake farawa.

Ya rayu har ya ga gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979. Waɗanda suka guje shi a da suka zo taya murna, ya shimfiɗa musu tabarma.

Halin bai bi shi kabari ba. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ba ta shiga kowace jam'iyya ba, ta shekara fiye da 20 tana raka mata masu yoyon fitsari asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, sau da yawa da kuɗin motar da ta tara daga adashi. Wadda miji ya saka, takan ajiye ta a ɗakinta har ta warke. Ita ce ta rage cikin masu tuna sunayen mahauta da masaƙa da teloli da aka ɗaure tare da mahaifinta. Na fara naɗar muryarta bana, mun kai mutum 17, kuma ta ce da saura.