Kwana Biyu a Sakkwato

'Yan'uwana mata, yarinyar da ta karanta labarin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u ya kamata ta ga Hubbare da idonta, inda aka binne shi a 1817. Amma mu nan Sanyinna, da an ambaci Sakkwato sai maigida ya ce ina kuɗi.

Ga yadda mu ke yi a gidanmu. Tun kaka na ke zuba adashe. Ba mu tafiya gab da Salla, gama lokacin ne kuɗin mota ke tashi. Cikin birni kuwa Keke Napep guda ke ɗaukarmu, a yi ciniki kafin a hau. Ya fi kabu-kabu uku araha.

Masaukinmu gidan gwaggona ne. To, a nan sai hattara. Mutumin birni awo ya ke yi, ba shi da rumbu. Don haka na kan aika mata tukuna, in tafi da gero da albasa da man shanu, in kuma kama mata girki. Kwana biyu mu yi sallama, gama baƙo raɓa ne. Wadda ta yi haka, baɗi ma za a yi murna da zuwanta.