Zuwa Ga Auta, Kan Tumatirin Tsakar Gida

Malali, Kaduna
Afrilu

Auta,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin ƙaramin? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya fitar da mu barci tsakar gida.

Ranar da kati ya ƙare mana muna tsakiyar hira, kin tambaye ni yadda aka yi nake tsinkar tumatir a gida alhali kasuwa ta fara tsada, har kika ce gobe-gobe za ki sayo iri ki zuba. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Don Allah ki dakata tukuna, kada ki yi asarar irinki da ruwanki.

Tumatirin da muke ci yanzu ba a bazara aka shuka shi ba. Tun tsakiyar Disamba na zuba irin, ana tsananin hunturu, a wani tsohon baho da ya huje. Bai kai kwana goma ba ya tsiro. Da ya yi sati huɗu, wajen tsakiyar Janairu, na dasa shi da yamma. Ya yi fure a Fabrairu, lokacin dare na da sauran sanyi, ya ɗaura 'ya'ya kafin rana ta buɗe sosai. Abin da bazara ta yi masa kawai shi ne nunarwa.

Na jaddada miki wannan ne don na taɓa dasawa a Maris, shekarar da muka tare a gidan nan. Ganye ya yi kore shar, fure ya fito rawaya gwanin sha'awa, sai na riƙa wayar gari ina tarar da furen a ƙasa. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, ba abin da ya canza. Wani dattijo mai lambu a fadamar bakin kogin Kaduna, nan ƙasa da mu, shi ya warware mini. Ya ce, “Hajiya, ba yunwa ke damunsa ba, zafi ne.” Idan zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma bai sauko ƙasa da 21 ba, garin da ke cikin furen ba ya kamawa, sai furen ya bushe daga wuya ya faɗi. Kin san kuwa yadda Maris da Afrilu suke a nan, balle ku can Kano. Dalilin tsadar ma ke nan. Manoman rani na Kadawa da Ikara da Danja, waɗanda ke cika motoci zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, yanzu suke kakkaɓe gonakinsu, na damina kuma bai iso ba. Tsakanin nan ne kwando ke tashi, mata su koma kauɗa da na leda. Ni burina kullum in sami abin miya a gida a daidai wannan giɓin, shi ya sa nake jinkirta zuba iri fiye da masu lambu, kuma nake yin zubi biyu, sati biyu tsakani.

Ba ki buƙatar fili. Tsakar gidanmu siminti ne, kin sani. Buhunan shinkafa goma sha biyu na samu, na naɗe bakinsu, na huda gindin, na cika da ƙasa mai yashi-yashi haɗe da takin gargajiya. Tushe ɗaya a buhu ɗaya, kada ki yi kwaɗayin sa biyu. Ki kula da takin: kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai wanda ya kwana biyu a tare ya ruɓe ya huce, ya daina wari. Irin kuwa UTC na saya, wanda za ki ga an rubuta UC82B a jikin gwangwaninsa. Gajere ne, ɗansa na da tauri, ba ya saurin lalacewa. Roma ma yana yi. Ki saya a shagon kayan noma, ki duba kwanan wata. Matso irin daga tumatirin kasuwa ba ya da tabbas, wani aure ne aka yi masa, 'ya'yansa ba sa biyo uwa.

Amfanin buhu shi ne yana ɗaukuwa. Da sanyi suna tsakiyar gida suna shan rana yini guda. Da Maris ya kama, yara suka taya ni jansu jikin katangar yamma, inda rana ke samunsu daga safe zuwa azahar, sannan inuwar katanga ta rufe su. Na kafa sanduna na ɗaura tsohon gidan sauro a kai, na rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don kada danshi ya gudu.

Ban ruwa shi ne inda mutane ke faɗuwa. Da sassafe nake bayarwa, a gindi, ba a kan ganye ba, idan zafi ya yi yawa in ƙara kaɗan bayan la'asar. Abin da ba ya so shi ne yau ƙishi gobe ambaliya. Idan kika ga gindin ɗan ya yi baƙi ya lotsa, ba tsutsa ba ce, rashin daidaiton ruwan ne ya hana sinadarin kalsiyam isa gare shi. Ranar da famfo bai kawo ba, ruwan alwala da na wankin shinkafa muke tarawa a bokiti. Na wanki da omo kam kada ya kusance shi. Wallahi Auta, duk asuba in na tsuguna ina zuba ruwan nan, ƙamshin ganyen ya taso, Baba nake tunawa a lambunsa, da wandonsa a naɗe, yana hana mu taka kwami. Allah ya jiƙansa da rahama.

Sai ƙwaron da ake kira sharon. Kin tuna 2016, shekarar da tumatir ya gagari kowa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya? Wannan ƙwaron ne, Tuta absoluta a bakin masana. Daga Kudancin Amurka ya fito, inda shi kansa tumatirin ya samo asali, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya gangaro Afirka. Ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ne mai yawo da dare, tsutsarsa ke shiga tsakanin fatar ganye tana ci daga ciki, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. Kuma zafi ne lokacinsa. Mai gona kadada goma yana shan wahala da shi, amma ke mai buhu goma idonki ya isa. Kullum ki ɗaga ganyen ki duba. Da kin ga wani fari-fari kamar an kankare, ki tsinke ki ƙona, kada ki jefar a gindin. Ni ina daka 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana, in tace, in fesa da yamma sau ɗaya a sati. Gidan sauron nan ma na taimakawa ƙwarai, har da tsuntsaye da ƙadangaru masu fafe wanda ya nuna. Sai dai in yana fure, ki riƙa girgiza sandar a hankali da hantsi, tunda iska ba ta kaɗa shi sosai a ciki.

To me za ki yi yanzu? Ki fara tara buhuna da taki. Da ruwa ya sauka ki zuba alayyafo da kuɓewa da yakuwa, su ba ruwansu da zafi, hannunki kuma zai saba. In ranki ya nace sai tumatir da damina, ki gwada tushe uku a ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba zai doke su ba, ki ɗaure su a sanda, don laima na kawo masa ciwon ganye da ruɓa. Amma babban zubin ki bar shi sai sanyi ya shigo.

Jiya na tsinki kwano guda, na aika wa maƙwabciyata da ta haihu rabi. Wanda ya yi yawa makon jiya na yanka na shanya a kan kwanon rufi, ya zama kauɗa, na ƙulla miki leda ɗaya tare da sauran irin UTC da ya rage mini. Zan ba direban da ke zuwa Kano daga tashar Kawo ranar Talata, zan kira ki in ba ki lambar motar. Ki ajiye irin a kwalba mai murfi, nesa da murhu.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan yara. Baban su Ummi na gaishe ku.

Taki har kullum,
Yayarki